Yadda Ake Sauya Injin Lallaɓawa na Jirgin Kamun Kifi da Wanda Ya Fi Ƙarfi

Duk masuncin da ya saba da ƙaramin injin lantarkin nan da ake lallaɓa jirgi da shi ya san wannan takaicin. Ka sami gurbin da kifi ya taru, ka kashe babban inji don kada ƙara ta kore su, ka sauke ƙaramin, sai iska ta taso ta gefe. Ka murɗa shi har ƙarshe, farfela na ta faman juyi, amma jirgi sai zamewa yake yi kamar ba abin da ke riƙe da shi. Kafin rana ta take, batir ya ce ga garinku nan. A irin wannan ranar ce mutum ke yanke shawarar sayen inji mai ƙarfi.

Shawarar ba laifi, sai dai akwai abin da nake so ka riƙe tun daga farko: injin rabin aikin ne kawai. Batir, waya, fulogi, na'urar yanke wuta da mazaunin da za a ɗaure shi, duk tafiyarsu ɗaya. Wanda ya ɗora babban inji a kan tsohuwar siririyar waya ya sayi doki ne ya ɗaure shi da zaren ɗinki.

Ka fara tabbatar da cewa laifin na injin ne

Kafin ka kashe ko sisi, ba tsohon injinka haƙƙinsa. Cire fulogi, kwance notin farfela, zare ta. Sau da yawa za ka tarar da zaren fatsa ya nannaɗe a bayanta ya yi tauri kamar ƙulli, yana riƙe juyi, yana kuma cin robar da ke hana ruwa shiga. Duba fikafikan farfelar ko sun gutsure. Sannan ka ɗauko mita ka auna batir bayan ya cika ya huta. Batirin dalma mai lafiya yakan nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Bolt shi ne harafin V da kake gani a jikin batir. Sai ka sa jirgi a ruwa, ka ba injin wuta har ƙarshe, wani ya auna maka a kan batir, ya sake aunawa a bakin fulogi. In tazarar da ke tsakanin awon biyu ta kai bolt guda ko ta wuce, wutarka a hanya take zubewa, kuma gyaran waya kaɗai na iya dawo maka da ƙarfin da kake nema. In duk waɗannan lafiya lau suke amma iska na ci gaba da wasa da kai, to lallai injin ya yi wa jirgin kaɗan.

Auna nauyi, ka san ƙarfin da kake buƙata

Ana auna ƙarfin turin waɗannan injina da laba, tsawonsu kuma da inci, domin a Amurka sana'ar ta girma, tun lokacin da O. G. Schmidt ya ƙera irinsa a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa a 1934, abin da ya zama kamfanin Minn Kota. Don haka ko da kilo ka saba, dole ka ɗan yi juyi: laba ɗaya kusan kilo 0.45 ce.

Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce laba 2 na turi ga kowace laba 100 ta nauyin jirgi. Amma nauyin da ake nufi na jirgi cike ne: gangar jikinsa, babban inji, mai a tanki, batura, akwatin kifi da ruwan da ke cikinsa, kayan aiki, da duk mutanen da ke hawa. A nan mutane ke yaudarar kansu, su ɗauki nauyin da ke rubuce a takardar jirgi su manta da sauran. Ɗauki jirgin da in an cika shi yake kai kilo 1,500. Wannan kusan laba 3,300 ke nan, wato yana buƙatar turin laba 66 a ƙalla. Injin laba 55 ya gaza, sai na 70 ko na 80.

Wannan lissafi na ruwan da ke kwance ne. In kana kamun kifi a kogi mai gudu, ko a buɗaɗɗen tafki inda iska ba ta da shamaki, ko jirginka mai dogayen gefuna ne da iska ke samun wurin kamawa, ka hau mataki ɗaya sama. A ganina gara ƙarfi ya yi saura da ya gaza, domin injin da ke aiki a rabin ƙarfinsa ya fi sanyi, ya fi shiru, ya kuma fi daɗewa.

Kada dai ka sa rai da gudu. Waɗannan injina, manya da ƙanana, da wuya su wuce kilomita 8 a awa, saboda farfelarsu ta turi ce. Abin da ƙarin laba ke ba ka shi ne iko: ka tsaya inda kake so, ka juya goshin jirgi cikin iska, ka ratsa ciyawar ruwa ba tare da ka maƙale ba.

Bolt 12, 24 ko 36

Nan ne shawarar take da nauyi, domin ita ke faɗa maka batura nawa za ka ɗauka. Injinan da ke aiki da batir ɗaya, bolt 12, yawanci iyakarsu laba 55. Daga 70 zuwa 80 sai bolt 24, batir biyu. Daga 101 zuwa 112 sai bolt 36, batir uku. Ke nan wanda ke da laba 40 yana son 55 aikinsa da sauƙi. Wanda zai tsallaka daga 55 zuwa 80 kuwa, sabon tsarin wuta gaba ɗaya zai gina.

Dalilin ƙara bolt yana da kyau a fahimce shi. Ƙarfin lantarki bolt ne a ninka da amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a waya. Injin laba 55 a bolt 12 yana jan kusan amfiya 50 in an buɗe shi duka. Na laba 80 a bolt 24 yana jan kusan 56. Na laba 112 a bolt 36 kusan 52. Ka ga turi ya ninka, amma wutar da ke bin waya tana nan kusan inda take. Da za a nemi laba 80 daga batir ɗaya, da sai an ja wutar da za ta dafa waya. Shi ya sa inji mai bolt 24 da ke tafiya a hankali yakan kai ka yamma, alhali na bolt 12 da ake matsa wa dukan yini ya daɗe da sarewa.

Akwai injina marasa burushi, wato ɗan gawayin da ke gogar sashen da ke juyi a cikin inji, irin Force na Garmin da Ghost na Lowrance da suka fito a 2019, waɗanda ke karɓar bolt 24 ko 36. Amfaninsu shi ne za ka iya farawa da batir biyu, ka ƙara na uku daga baya. In kuma injin da kake dubawa mai giya biyar ne na tsohon yayi, ka sani waɗannan kan ɓarnatar da wuta ta zama zafi a ƙananan giyoyi. Mai murɗin da ke hawa a hankali ba mataki-mataki ba ya fi tattali nesa ba kusa ba. Mai shiga ruwan gishiri kuma ya sayi wanda aka yi don ruwan gishiri, mai ɗan guntun ƙarfen da ke cinyewa a madadin jikin injin.

Tsawon sanda

Kada ka ɗauka tsawon tsohon shi ne daidai. Sa jirgi a ruwa da kayansa, ka auna daga inda injin zai zauna zuwa fuskar ruwa, ka ƙara inci 20. In ruwanka mai tashin igiya ne ƙara wasu 5. Abin da ake nema shi ne ɓangaren injin mai farfela ya nutse aƙalla inci 12, kusan santimita 30. Sandar da ta yi tsawo ana iya ɗaga ta a ɗaure. Wadda ta gajarta ba ta da magani: duk igiyar da ta ɗaga goshin jirgi sai farfela ta leƙo waje ta sha iska, ta yi wani gurnani da ke watsa kifi.

Batura

Batirin tayar da mota ko na tayar da babban inji bai dace da wannan aiki ba. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu. Kana buƙatar irin wanda aka yi don a sha shi a hankali na awanni, a sake cika shi, sau ɗaruruwa.

Zaɓi biyu ne a gabanka. Na dalma ya fi araha amma nauyi gare shi, mai ɗaukar amfiya 100 na awa yakan kai kilo 27 zuwa 30, kuma in kana son ya yi rai kada ka riƙa shan fiye da rabinsa. Na litiyam mai wannan girma bai kai rabin wannan nauyi ba, ana shan kusan dukkansa, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa sai daf da ƙarewa. In za ka sayi na litiyam ka duba abu biyu a takardarsa: cewa an yarda a haɗa shi a jere da wani, da kuma cewa na'urar tsaron da ke cikinsa tana barin wutar da ta fi abin da injinka ke ja. In ba haka ba, ranar da ka buɗe inji duka cikin iska, ranar zai ɗauke wuta ɗif.

Lissafin daɗewa ba wuya. Batir mai 100, inji na jan amfiya 20, awa biyar ke nan a takarda, biyu da rabi in na dalma ne kana tausaya masa.

Haɗin jere shi ne ke ba da bolt 24. Ka ɗauki guntuwar waya mai kauri ka haɗa kan + na batir na farko da kan − na batir na biyu. Kawuna biyun da suka rage, − na farko da + na biyu, su ne za su tafi wurin inji. Na bolt 36 haka ne, da ƙarin batir da ƙarin guntuwar waya. Guntuwar nan kada ta gaza babbar waya kauri. Baturan kuma su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. Na san yadda ran mutum ke son ya sayi sabo guda ya haɗa da tsohon da ke hannu, amma tsohon zai riga ƙarewa ya ja sabon ƙasa, cikin 'yan watanni ka rasa duka biyun. Kada kuma ka saci bolt 12 daga ɗaya cikinsu don fitila ko famfo, yin haka na karkatar da ma'auninsu. Batirin babban inji ka bar shi shi kaɗai, shi ne zai mai da kai gida.

Ka yi tunanin inda za su zauna. Ƙarin kilo 30 ko 60 a wuri guda yana sauya zaman jirgi a ruwa. Ajiye su ƙasa-ƙasa, kusa da tsakiya in da hali, cikin akwati, a ɗaure da ɗamara yadda ko jirgi ya yi tsalle ba za su motsa ba, a kuma rufe kawunansu. Ka duba allon da ke nuna iyakar nauyin da jirgin ke ɗauka. Caja ma ta zama mai reshe ɗaya ga kowane batir, kuma mai tsarin da ya dace da irinsa, don na litiyam da na dalma ba cika ɗaya suke so ba.

Waya, bireka da fulogi

A nan na taɓa ƙonewa, shi ya sa zan daɗe. Lokacin da na sauya injina na farko, na bar wayar da na tarar a jirgin da tsohon fulogi, don a idona lafiyarsu ƙalau. Kwana biyu komai daidai. A rana ta uku na yi kusan rabin awa ina kokawa da iska, sai na ji wani ƙauri kamar an sa leda a wuta. Na sunkuya na taɓa fulogin, na janye hannu da sauri. Robar da ke kewaye da ƙafa ɗaya ta narke ta yi baƙi, ƙafar kanta ta karkace. Tankin mai bai fi taku biyu daga wurin ba. Da filafili na koma gaɓa a ranar, jikina na rawa.

Ga abin da ban lissafa ba. Kowace waya tana cin wani abu daga wutar da ke bi ta cikinta, kuma tsawon da ake lissafawa zuwa da dawowa ne. In batir na baya inji na goshi, tazarar mita 6, to wutar mita 12 take tafiya. Ana auna kaurin waya da lambar AWG, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Waya mai lamba 10, a wannan tsawo, da amfiya 50, tana zubar da kusan bolt 2. A tsarin bolt 12, kashi ɗaya cikin shida na wutarka ke nan ya zama zafi a ƙarƙashin daɓen jirgi. Mai lamba 6, wadda kaurinta ya kai kusan murabba'in milimita 13, asararta ba ta kai bolt ɗaya ba. Don haka ga yawancin jiragen da batir ke nesa da inji, lamba 6 ce mafari, in tazarar ta yi yawa a koma lamba 4. Lamba 8 sai in batir na kusa. Littafin injin yana da jadawalin wannan, ka bi shi, in kana tsakanin lamba biyu ɗauki mai kaurin.

Wayar ta zama ta jirgin ruwa, mai silli-silli na jan ƙarfe da aka shafe da kuza. Wayar gida ko ta mota takan yi kore ta ruɓe daga ciki ba ka sani ba. A matse bakunanta da abin matsewa na gaske, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne a jirgi.

Bireka, wato na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa, tana zama a kan jar waya, wato ta +, daf da batir. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙera jiragen ruwa a Amurka, ita ce cikin inci 7 daga batir, domin duk wayar da ke tsakanin batir da bireka ba ta da mai tsaronta. Girmanta ya ɗan ɗara abin da injin ke ja: injinan laba 55, 80 da 112 galibi mai amfiya 60 ake sa musu. Ka tabbata kuma an yi ta don yawan bolt ɗinka. In sabuwar bireka na yawan faɗuwa, kada ka sauya ta da babba, nemo dalili. Fulogi da soket su ma su iya ɗaukar wannan wuta, tsofaffi da yawa ba a yi su don haka ba.

Wajen jan waya, ka raba hanyarta da ta na'urar gano kifi, in ba haka ba duk sanda ka taka inji allon zai cika da zane-zane. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Ɗaura injin

Cire wayoyin batir tukuna, baƙa kafin ja. Kwance tsohon, ka toshe ramukan da ba za su yi amfani ba da gam ɗin jirgi mai hana ruwa. Ɗora sabon a goshi ba tare da ka huda komai ba, ka gwada shi a hali biyu. A sauke, sandar ta wuce bakin jirgi da tazarar kusan inci ɗaya da rabi, kusa da tsakiyar goshi gwargwadon iko. A kwance, kansa kada ya leƙa waje da gefen jirgi, don ranar da ka matso gaɓar katako shi zai fara dukan ta. Sai ka leƙa ƙarƙashin daɓen ka ga abin da bakin abin huda zai tarar, ko waya ko bututun mai.

Babban inji yana murɗa mazauninsa da ƙarfin da tsohon bai taɓa yi ba, ga kuma jijjigar tafiya a kan igiya. In daɓen siriri ne, sa farantin alminiyam ko katako mai jure ruwa a ƙasa ya raba nauyin. Yi amfani da kusoshi masu noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, da manyan wosha, da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da kansa. Shafa musu ɗan man hana kamewa, ka ɗaure da hannu da sifana, don irin wannan ƙarfe in aka ɗaure shi da sauri da inji yakan cije ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mazauni mai zarewa yana da amfani ga mai son shigar da injin ɗaki bayan aiki. Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi kuwa ba shi da wannan dogon zance, a dai tabbatar katakon bayan bai ruɓe ba, a ɗaure maƙallan tamau.

Gwaji

Kafin ka cusa fulogi, bireka na kashe, haɗa batura, sannan ka kunna bireka ka auna soket da mita. Tsarin bolt 24 na dalma zai nuna sama da 25 kaɗan, na 36 kusan 38. Tabbatar + na inda + ya kamata, domin juya su na iya kashe allon lantarkin sabon inji nan take. Sai ka cusa, ka kawar da hannu da yara daga farfela, ka taɓa wuta na daƙiƙa biyu ko uku kawai.

Gwajin gaske a ruwa ne, wuri mai natsuwa, da rigar ceto a jikinka. Fara da ƙaramin gudu, kuma ka zauna ko ka dafa wani abu. Wanda ya saba da laba 45 bai san yadda laba 80 ke fizgar goshin jirgi ba in kan injin na kallon gefe, mutane sun sha faɗawa ruwa ta haka. Ƙara wuta a hankali har ƙarshe, ka riƙe minti biyar, ka tsaya. Bi duk mahaɗa da bayan hannunka: kawunan batir, guntuwar waya, bireka, fulogi. Ɗumi kaɗan ba komai. Wurin da ya yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai, haɗinsa ya yi sako-sako ko wayar ta yi siriri, kuma a gyara shi kafin fita ta gaba.

In injinka mai GPS ne, irin mai riƙe jirgi wuri ɗaya kamar an jefa anga, wanda Minn Kota ke kira Spot-Lock, yana buƙatar a saita masa alƙibla a fitar farko, yawanci ta hanyar zagaya jirgi a hankali yadda littafinsa ya nuna. Na'urar alƙiblar kada ta zauna kusa da anga, lasifika ko manyan wayoyin wuta, don ƙarfe da maganaɗisu na ruɗa ta, sai ka ga jirgi na ta kai-komo a kan gurbin da ka ce ya tsaya.

Bayan fita biyu ko uku ka sake bin notunan mazauni da na kawunan batir da sifana, sukan saki kaɗan in sun zauna. Cika batura a ranar da ka dawo, fulogin inji a cire, kada na dalma ya kwana a sheƙe. A akwatin kayan aiki kuma ka ajiye farfela ta biyu, da notinta, da ɗan fil ɗin da ke riƙe ta a jikin sandar juyi, tare da sifanar da ta dace da notin.